Gajeriyar Hanyar Nomau

A gidanmu mu uku ne: ni, da Inna wadda ciwon yanar ido ya rufe wa ido biyu, da ƙanina Nomau. Shekararsa talatin da biyar, ga ƙarfi ga gaskiya, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana wani baƙo, Mamuda, ya kafa injin caca a shagonsa na tasha. Ka zura kuɗi, ka ja mariƙi, hotuna uku su yi ta juyawa: lemo, kankana, ƙararrawa. In sun tsaya iri ɗaya ya zubo maka, in ba haka ba ka yi ta kallo. Ya ɗauki Nomau gadi, ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga kansa." Nomau ya kafe ido. Aka sace benci, aka sace butar Mamuda, akuya ta cinye ƙosansa, bai waiga ba. Da aka yi masa faɗa ya ce, "Ai ga injin nan, ko motsi bai yi ba."

Wata rana Jatau ɗan kamasho, wanda ke ganin kansa gwani, yana koya wa mutane dabara. Ya ce, "Sai ya ƙoshi yake biya." Washegari Nomau ya zo da kokonsa, ya hana cikinsa, ya ɗura wa injin ta bakin zura kuɗi. Kwana uku tururuwa na caca kyauta. Mai gyaran da aka kira ya sha dariya, ya ce wa Jatau, "Malam, abin nan bai san yunwa ba, bai san wanda ya zura jiya ba. A makance yake zaɓen hoto, kuma tun daga kamfani an saita shi ya ci fiye da abin da zai bayar." Duk mun ji, wallahi har da ni, amma ba wanda ya ɗauka.

Wata rana Jatau ya sake cewa inji mai zafi shi ke zubowa. Nomau ya tausaya wa masu asara, ya kinkimi injin ya kai tsakar rana, ya lulluɓe shi da bargon Inna. Da ƙyar Mamuda ya haƙura, don ba wanda zai yi masa gadi a wannan ladan.

Wata rana, ranar kasuwa, na sayar da wakena kaf don a yi wa Inna aiki a asibitin birni. Kuɗin ido ɗaya suka isa. Zuciya ta ce mini, ka ninka su mana, a yi biyun. Na bi layin injin ina zufa. Ashe da safen Mamuda ya ce wa Nomau, "Layin nan ya yi tsawo, ka taimaki mutane su gama da sauri." Da na iso gaba, Nomau ya fizge damin kuɗin daga hannuna, ya wuce injin, ya danƙa wa Mamuda.

Na ce, "Kai Nomau, ka haukace ne?"

Ya ce, "Yaya, wata uku ban ɗauke ido ba. Ana zurawa ta gaba, da yamma shi ya buɗe ta baya ya kwashe. Can za su je, na rage maka jan mariƙi. Na gaba, kawo naka!"

Aka fashe da dariya. Jatau ya mayar da hannunsa aljihu. Nomau ya ƙara da cewa, "Maigida, ka riƙe da kyau, kuɗin idon Inna ne." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mamuda ya dubi jama'a, ya miƙo mini damina kamar yana ƙona shi, ya kori Nomau nan take.

An yi wa Inna ido ɗaya, alhamdu lillahi. Da aka kwance bandeji, Nomau ne a tsaye a gabanta, yana ba ta haƙuri wai ya rasa aikinsa. Ta kama fuskarsa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe har ka yi furfura." Ni kuwa na koma bayan ƙofa na yi kukana. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi wawa a gabana, da ni zai yi.