Man Riɗi a Cikin Giya

Ranar da a-kori-kurata mai canza giya da kanta ta jawo tarakta daga laka, har guɗa aka yi mini. Washegari man giyar ya ƙone. Ni da kaina, me zai kai ni har garin Hasahisa wajen makaniki? Mai ai mai ne! Na tuttula mata man riɗin matata, na ɗebi maƙwabta sai kasuwa, ina ta danna hon.

Ba mu wuce gonakin auduga ba, ƙamshi ya turnuƙe mu. Limaminmu ya shaƙa, ya ce, "Ya salam! Wa ke tuya?"

Nan giya ta mutu. Jakuna suka jawo mu gida.

Har yau in na gitta, mata sai su miƙo kwano: "Malam direba, ƙosan ya soyu?"