Ranar da Fankokin Unguwarmu Suka Ga Manya

Yau da safe na sha kunya a bainar jama'a, kuma ba kowa ya ja mini ba sai fanka.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, a bayan gidajenmu aka kakkafa waɗansu dogayen ƙarafa masu fukafukai uku-uku, iska na juya su suna samar da lantarki. Lantarkin dai ta saman kanmu yake wucewa ya tafi inda aka fi mu buƙatarsa, mu kuma an bar mana ƙugin. Ba ƙara ba ce mai fasa kunne. Wani "wuu, wuu" ne mai naci, kamar ana share rufin ɗakinka da ƙatuwar tsintsiya, mai sharar kuma ba ya gajiya.

Tun da aka kunna su, duk abin da ya lalace a layinmu laifin fanka ne. Maƙwabcina tela ya ce ita ta hana kajinsa ƙwai. Mai shagon bakin titi ya rantse ita ta kayar da ɗansa a jarrabawa, alhali yaron tun kafin a kafa ƙarfe ɗaya daga ƙasa ake fara neman sunansa. Ni ma na kai ciwon kaina asibiti na ce fanka ce. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta ce hawan jini ne, in rage gishiri da gardama. Na ce mata gishirin dai zan gwada.

Amma na Inna, mahaifiyata, ba abin wasa ba ne. Ɗakinta ya fi kowanne kusa da fankokin, kuma tun da suka fara juyawa barci ya ƙaurace mata. Da rana sai ka same ta tana gyangyaɗi a zaune, ga jiri, ga saurin fushi, matar da a da ko jika ya fasa mata kofi dariya take yi. Ko ƙugin ne ciwon, ko rashin barcin, ni ba likita ba ne. Abin da muka roƙa kawai shi ne a zo a auna.

Allah ya ƙara wa manya lafiya, sun ji kukanmu. Aka aiko cewa Mai Girma Shugaban Kwamitin Sauraren Ƙugi zai zo da kansa. 'Yan layi suka zaɓe ni in yi magana, wai bakina ba ya mutuwa. Na zuba rigata ta fita kunya, muka zaunar da Inna a kujerar gaba a matsayin hujja.

Mai Girma ya iso da jiniya da jerin motoci. Aka tayar da janareto saboda lasifika, tunda unguwar da ake haɗa lantarki a cikinta ba ta da wuta. Da aka miƙo mini makirufo, na yi gyaran murya, na ɗaga yatsa sama.

"Ranka ya daɗe, ba sai na yi dogon bayani ba. A kashe janareto, kowa ya saurara."

Aka kashe. Wuri ya yi tsit. Na waiwaya, sai ga fankokin nan tsaye ƙiƙam, ko fiffike ɗaya ba ya motsi. Har kukan tsuntsu muka ji, abin da mun manta akwai shi. Ashe motocin na isowa aka tsayar da su, wai don tsaron lafiyar babban baƙo. Tela ya matso ya raɗa mini cewa ashe fankar ma ta san manya, mu ne kawai ta raina.

Wani Babban Ƙwararre mai tabarau ya zaro na'urar awo daga kwali, sabuwa dal ko ledarta ba a ɓare ba, ya ɗaga ta sama, ya sanar cewa ƙarar unguwarmu ba ta kai ta ɗakin karatu ba. Aka yi tafi raf-raf. Mai Girma ya yaba haƙurinmu, ya ce kimiyya ta wanke fanka, amma saboda tausayinsa za a raba mana audugar toshe kunne da zarar an ƙaddamar da ƙaramin kwamitin auduga.

Na juya in nuna masa hujjarmu, sai na tarar Inna ta jingina kai tana sharar barci, irin wanda rabonta da shi tun bara, har da ɗan minshari. Shi ma ya hango ta.

"Kun gani ko? Ga baiwar Allah nan tana barcinta lafiya lau. Ina ciwon?"

Motarsu ta ƙarshe ba ta gama shan kwana ba fukafukan suka fara juyawa. Ƙugin ne ma ya tashi Inna. Ta yi miƙa, ta gyara mayafi, ta tambaye ni ko an gama. Na ce an gama, kuma mun faɗi ƙasa warwas.

"Ni dai ban ga faɗuwa ba, ɗan nan," in ji ta. "Mutumin nan na kirki ne. Ka roƙe shi ya riƙa zuwa kullum."

Da rana matata ta sa muka kwashe kayan Inna zuwa ɗakinmu na can ciki, mu muka dawo nata. Wannan kam bai buƙaci kwamiti ba, sai ni da tela da katifa a ka.

Na zauna na auna shawarar Inna, na ga ta fi ta ƙwararren ma'ana. Don haka idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san inda ake samun aron babban mutum, ko da wanda ya sauka daga kujera ne, ya taimaka mana da shi. Ba ma buƙatar jawabi. Ya zo ya zauna kawai ba tare da ya yi komai ba, aikin da dama ya ƙware a kai.