Ranar da Aka Kira Kaka Hasiya Jarrabawa

"...lahiya lau. Ya sanyin ruwa?" in ji Kaka Hasiya, tana fitowa daga ɗaki tana gyara ɗankwali.

"Alhamdu lillahi. Tsohuwa, taƙaita gaisuwar nan, rana na yi."

Zulkiflu ke nan, jikanta, ɗalibin kiwon kifi a kwaleji, wanda ya shafe wata shida a Wara yana shan hayaƙi a gindin bandarta. Abin da ya ɗaga masa hankali sabuwar dokar da majalisar jiha ta yi ce. An ce ba ɗalibin sana'a da zai karɓi difloma sai ya yi wata shida a hannun gwani mai takardar shaida, tsofaffin hannu kuma sai an gwada su kafin a ba su takardar. Masu gwajin sun zo Wara na kwana uku, yau ce ta ƙarshe, da azahar za su naɗe tabarma. In tsohuwa ba ta je ba, wata shidansa ya bi ruwa, abokansa su gama su bar shi. Ita kuwa baiwar Allah kwana biyu ke nan tana ja masa rai.

"Ni za a yi wa jarrabawa? Ni Hasiya? Wa zai yi mini ita?"

"Malama Susan, daga cibiyar koyon sana'a. Digiri biyu gare ta a kan kifi."

"Digiri biyu! Lokacin da anka tare ruwa a Kainji anka tashe mu daga tsohon gari, da tiren kifi bisa kai na hau tudu. Majalisar taku tana ina sannan?"

"Tana jiran ki tsufa ki rage faɗa. Har yau ba ta dace ba."

"Ji mara kunya! Miji ya kwashe wata shida shina cin tuwona, ko zanen sallah bai yi mini ba, yau kuma zai kai ni gaban hukuma."

"Wace mata? Mai haƙora huɗu? Ai na daɗe da sakinki, biro ne ban samu ba."

"Ko ka samu, da wane hannu za ka rubuta? Da wanda tarwaɗa ta soka ran farko, ka yi ihu har anka fito daga masallaci?"

"Wannan tarwaɗar ke kika aiko ta."

"Da ni na aiko ta, da a baki za ta soke ka, mu huta."

Zulkiflu ya dafe kai. Wallahi ji yake kamar ya ɗauke ta cak ya aza bisa babur, amma ina! Wanda ya san Hasiya ya san ba a tura ta, sai dai a lallaɓa.

"Kaka, don Allah. Awa ɗaya ce. Ki nuna musu yadda kike naɗa kifi, ki hura musu wuta, su ba ki takarda, ki sa mini hannu. In azahar ta yi ba ki je ba, shekara guda ta tahi a banza. Da wane ido zan dubi Inna?"

"Da wanga idon da hayaƙi ya mayar ja. Kuma ka ga ina da aiki, kifin Idi masunci na jirana."

Nan fa Zulkiflu ya washe baki, don wannan uzurin yake jira. Jiya da shi ta kare kanta, shekaranjiya ma haka.

"Aiki? Na gama miki shi. Ba ki da sauran hanzari."

Tsohuwa ta tsaya cik. Ta ɗaga hanci sama, ta shaƙa sau biyu, ta juya wajen bayan gida inda bandar take. Hayaƙi ne ke tashi siriri a kan danga.

"Zulkiflu, mi ka yi?"

"Daga sallar asuba na yanka tarwaɗar nan duka, na wanke, na naɗe, na jera bisa waya, na hura wuta. Baho biyu! Ki ce an gode."

"Inna lillahi! Wa ya aike ka?"

"Taimako ne..."

"Taimakon gyaran gangar Auzinawa! Kai da ke karatun kifi, ba ka tambayi kanka don mi na bar su da rai cikin ruwa tun jiya ba? Tarwaɗa tana kwana biyu a baho ba ta ce uffan ba. Amma in ta hau wuta, wa ke barin ta? A kashe wutar ta ruɓe, a tahi a bar ta ta ƙone. Sai bayan la'asar za ta sauka!"

Tana faɗa tana kwance tsohon zanen aikin da ta ɗaura. Sai ga sabuwar atamfa fil a ƙarƙashi, wadda ba ta fitowa sai ranar suna ko biki.

"Ka gani? Tun jiya na gaya wa Maliki mai babur ya zo ƙarhe goma. Wasa nike da mijina in ga iyakar haƙurinshi, ashe sauri zai haifi nawa."

Zulkiflu ya zauna a kan turmi. Haushin kansa ya kama shi. Ya san ta sarai. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta taɓa barin wutar banda a hannun kowa ba, ko Innarsa da ta haifa. Da hannunsa ya ɗaure ta a gida, ranar da ta yi niyyar fita dominsa.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Au, bakin ya mutu? Tashi, raggo. In wuta ta yi harshe, mi za ka yi?"

Ya ɗago ya dube ta. "In janye icce, in yayyafa ruwa. Hayaƙi ake so, ba harshe ba."

"Yaushe za ka juya?"

"In mai ya rage ɗiga, fata ta yi ja ta saki waya da kanta."

"Na tsakiya da na gefe?"

"A musanya musu wuri, don tsakiya ta fi zafi."

"Hmm. Ashe ba tuwo kaɗai ke shiga kan nan ba."

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, Maliki ya yi sallama. Tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da mayafi a kafaɗa, da tsohon mahucinta na kaba, na fifita wuta, wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Mahucin nan ko taɓa shi aka yi sai an ji bakinta. Ta tsaya tana dubansa kamar za ta fasa, sannan ta dangwara wa Zulkiflu shi a hannu.

"Riƙe. Su gwada ni can, wuta ta gwada ka nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In na dawo na iske ko guda ta ƙone, takardar tasu ko da zinariya anka rubuta ta, ba ni sa maka hannu."

Zulkiflu ya dubi mahucin, ya dubi tsohuwa. Sai ya fashe da dariya don kada ta gane yadda abin ya ratsa shi. Ya laluba aljihu ya ciro farin goron da ya saya tun jiya don lallashi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na sallama. Ga sadaki, na mayar da ke ɗakinki."

Ta karɓe goron ta ƙulle a bakin mayafi, ta nufi ƙofa ba ta ko waiwayo ba.

"Goro dai na karɓa. Maganar kome kuma, sai na ga kifin."