Ni da Jaz a Hanyar Kusada

Zan iya manta ranar da aka ɗauke ni aiki, zan iya manta lambar wayata, amma ranar ɗaurin auren Malam Nasiru a Kusada kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen Kankiya ba za su bar ni ba.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Kankiya. A ɗakin malamai teburina yana manne da na Baba Okon, wani dattijo mutumin Kudu mai koyar da kimiyya, wanda ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Da zarar an fita tara sai ka gan shi ya kunna 'yar rediyonsa, ya lumshe ido, yana kaɗa kai ga wani kiɗa da ba a waƙa a cikinsa. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, wai yaushe mawaƙin zai fara ne?"

Ya ce, "Ba zai fara ba, Malam. Jaz ne."

Na ja kujerata baya kaɗan. (A garin da na yi bautar ƙasa a Kudu, in aka ce mutum yana da jaz, to asiri ake nufi, sai ka kiyaye shi.) Da na faɗa masa haka, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Daga nan ya ɗauke ni ɗalibi.

Gaskiya Baba Okon ya iya koyarwa. Ya fara min da masu sanyi, waɗanda ba sa gudu. Ya ce kada in yi ƙoƙarin jin komai a lokaci guda, in zaɓi mutum ɗaya in bi shi. Ya nuna min yadda makaɗan suke fara buga amon tare, sannan kowa ya fita yawonsa shi kaɗai, mai fiyano ya yi nasa, mai ganga ya yi nasa, a ƙarshe su dawo su haɗu inda suka faro. Ya ce in na ɓata, in nemi wata ƙatuwar garaya mai kauri da ke bugawa a ƙasa-ƙasa, ita za ta mayar da ni hanya. Wanda ya fi shiga raina shi ne saksafon, wani ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa, wanda in ya yi wani kukan sai ka rantse ɗan'uwan algaita ne da ya yi boko.

Ban ankara ba abin ya kama ni da gaske. Matsalar ita ce girman kai ya kama ni tare da shi. Ban fi 'yan makonni da farawa ba na koma shehin malami. In abokai suka kunna waƙa a majalisa sai in taɓe baki in ce, "Ba laifi, amma babu zurfi." Maiɗakina ta ce kiɗan nawa ya yi mata kama da an zubar da kwanuka a tsakar gida, na ce mata kunne ma sai an horar da shi. (Ta ce to in horar da nawa ya riƙa jin kiran cefane.)

Daga nan na shiga intanet na haƙo wani nau'in jaz ɗin da ko Baba Okon bai taɓa kunna min ba. A wannan babu amo, babu hanyar komawa gida, ƙaho kawai yake ihu kamar an taka wa kyanwa wutsiya. Tsakanina da Allah ba ya min daɗi. Amma na lura duk lokacin da na kasa gane abu, sai in ji kamar ilimina ya ƙaru.

To, sai ga bikin Malam Nasiru, abokin aikinmu. Ranar Asabar ce da damina, gero ya kai ƙugu. Ango ya yi gaba da abokansa tun da safe, ya bar mana amana biyu: huhun goro, da kawunsa, Kawu Isiyaku, wanda shi ya riƙe shi tun yana maraya, kuma shi zai karɓa masa aure. Baba Okon ne zai kai mu a tsohuwar motarsa. Kawu ya zauna a baya cikin babbar riga da ta sha bugu, ni na zauna a gaba, na haɗa 'yar sifikata da wayata, na ɗora ta kusa da gilashi.

Na ce, "Baba, yau ni zan ba ka mamaki. Na samo wani sabo."

Ya ce, "Madalla! Sa mu ji."

Na kunna. Ganguna suka ruɗe, fiyano ya bi su a guje, ƙaho ya fara ihunsa. Baba Okon ya ɗaga gira. Na leƙa madubi na ga Kawu ya ciro carbi.

Mun yi nisa da Kankiya, sai wani sauti ya shigo, siriri, mai tsini: kiiiii, kiiiii. Ya yi sama, ya sauko, ya sake hawa. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, yau ga inda gwanin ya nuna kansa.

Kawu ya yi gyaran murya. "Baba Okon, wai motag ga lahiya take? Ina jin wani kuka."

Baba Okon ya rage gudu, ya karkata kai yana saurare. (Kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi, duk makaranta an sani.) Ya ce, "Ni ma kamar ina jin wani abu. Bari in tsaya in duba."

Da na yi shiru a nan, da ba ku karanta wannan labarin ba. Amma ina! Na juya na yi wa Kawu irin murmushin da nake yi wa ɗan aji ɗaya in ya ce ba ya gane rabawa.

Na ce, "Kawu, ai ba mota ba ce. Saksafon ne. Wanda bai saba ba dole ya ɗauka wani abu ne ya lalace. Baba, kada ka tsaya, wallahi nan ne wurin da ya fi daɗi."

Baba Okon ya ce, "Ka tabbata, Malam? Ban taɓa jin ƙaho ya yi haka ba."

Na ce, "Ai na zamani ne, Baba. Naku na da ba su kai nan ba."

Ka ji fa. Mutumin da yake jin jaz tun ban iya ɗaura wando ba, shi nake gaya wa haka. Shi kuwa bawan Allah sai ya gyaɗa kai, da alama ma alfahari yake yi ɗalibinsa ya wuce shi. Ya taka mota. Da ya taka, sautin ya ƙara tsini. Na lumshe ido, na ɗaga yatsa ina bin sa a iska.

Na ce, "Kun ji? Kun ji yadda yake jan numfashi ɗaya bai yanke ba? Wannan mutumin baƙin ciki yake faɗa mana. Ƙila matarsa ce ta tafi. Ƙila ƙasarsu ya tuna. Kawu, ka rufe ido ka bar shi ya shige ka."

Kawu ya ce, "Ni ba ni ruhe ido cikin mota." Can kuma ya shaƙi hanci ya ce, "Malam, wanga ƙaurin roba da nike ji, shi ma cikin kiɗan yake?"

Kafin in samo amsa, sai wayata ta yi ƙara. Kun san yadda abin yake, in kira ya shigo, kiɗa sai ya ɗauke. Ganguna suka yi tsit. Fiyano ya yi tsit. Ƙatuwar garaya ta yi tsit.

Kiiiii bai yi tsit ba.

Ya ci gaba abinsa, shi kaɗai, daga wajen ƙafafunmu. Na danna wayar, muryar ango ta fito ta sifika kowa na ji: "Kuna ina ne? Liman ya iso! Kai, wai me ake yankawa a motar taku?"

Na kashe kiran. Ban daddara ba, na ɗauki sifikar na girgiza ta, na ce, "Wataƙila saura ne ya maƙale a ciki." Na kashe ta ɗungurungum na cusa a aljihu. Kiiiii. Sai muka ji fat! Mota ta yi wata irin girgiza, tururi ya turnuƙe daga gaba, Baba Okon ya gangara gefen wata gona ya tsaya.

Ya buɗe gaban motar, ya jira tururi ya lafa, ya zaro wani baƙin tsumman roba a tsinke ya ɗaga mana. Fambel ne, robar da ke juya fankar inji. Tun ɗazu yake roƙon a taimake shi, ni kuwa ina fassara wa mutane cewa matarsa ce ta tafi.

Kawu ya fito, ya gyara rigarsa, ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Malam, gwanin naka ya rasu. Allah shi jiƙan shi."

Baba Okon ya tsaya jiran bakanike. Ni da Kawu muka kama hanya a ƙasa, huhun goro a kaina, takalmin biki yana cin ɗan yatsana. Motocin da suka wuce duk a cike suke maƙil. Allah ya jefo mana wani manomi ɗan garin Ƙofa da amalanken shanu, ya ji tausayin furfurar Kawu ya ɗauke mu. Amalanken nan taki ya kai gona da safe. Ba sai na yi bayani ba. Ƙafar amalanken ɗaya kuma tana ta ƙugi duk juyi, sai Kawu ya taɓo ni ya ce, "Wannan hwa? Shi kuma mi ya same shi? Uwa tai ta rasu?"

A haka muka shiga Kusada. Jama'a sun gaji a kan tabarmi, rana ta take, wasu har sun fara neman takalmansu. Uban amarya ya haɗe fuska. Ashe an yi ta lallashin Nasiru ya wakilta wani, ya ƙi, ya ce wanda ya ci wahalarsa shi zai karɓa masa mata, ko da za a kai la'asar. Da ya hango Kawu yana saukowa daga amalanke, idonsa ya ciko da ƙwalla. Da ya hango ni da goro a ka, sai ƙwallar ta koma.

Aka ɗaura aure lafiya, aka shafa fatiha. Na fara sulalewa ta bayan wata bishiyar bedi, sai na ji uban amarya yana tambaya, "Alhaji, me ya tsayar da ku haka?"

Kawu ya ce, "Kiɗa muka tsaya ji. Ina Malam? Ku kamo mini shi."

Bai rage komai ba. Ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa, ya yi kiiiii da bakinsa, ya kawo zancen matar da ta tafi. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Uban amarya da ya wuni a murtuke ya yi dariya har da riƙe ciki. Wani maroƙi kuma ya cafe zancen ya ɗaga murya: "Ina Malam Fambel! Mai jin kiɗan da bakanike ke gyarawa!" Don ya yi shiru na ba shi abin da ke aljihuna. Sai ya ƙara murya don godiya.

Ranar Litinin na shiga ɗakin malamai kaina a ƙasa. Na ba Baba Okon haƙuri, na ce gyaran motar a wuyana yake. Ya ce ba komai. Sannan ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wancan kiɗan yana maka daɗi?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba."

Ya ce, "Ni ma. Duk a cikinsu fambel ɗin ne ma ya fi ƙoƙari." Ya jawo rediyonsa ya sa mana wani mai sanyi, muka ji abinmu, ban yi sharhi ko ɗaya ba.

Har yau ina jin jaz, kuma yanzu da gaske nake jin daɗinsa, ko da yake ɗalibai na yi min kiiiii in na juya ina rubutu a allo. Abin da na koya bai da yawa. In ban gane abu ba, in ce ban gane ba, ba a kama mutum don wannan. In kuma dattijo ya ce yana jin ƙauri, to a kashe kiɗa a buɗe gaban mota.