Sandar Baba Ɗanjuma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai malamina bakin kogi ba, domin a ranar aikin shekara biyu ya bi ruwa ina tsaye ina kallo.

Digiri na biyu nake yi a kan yawan ruwan da kogi ke kwararwa. Na samo tarin littattafan awon wani kogi tsakanin Faskari da Sabuwa, rubutun wani dattijo, Baba Ɗanjuma, wanda aikinsa kullum da safe ya duba sandar awo da aka kafa a gindin gada ya rubuta inda ruwa ya kai. Na zuba lambobin a kwamfuta, sai ga abin mamaki: kowace shekara kamanninta ɗaya da wata ta baya, sai dai ta ninka ta ko ta zama rabinta. Irin tsarin da masana ke shan wuya kafin su hango inuwarsa, ni ga shi ya fito mini tas.

Kaina ya kumbura. Na fara gyara wa 'yan ajinmu magana. Na faɗa wa mahaifiyata a Ƙanƙara cewa ɗanta ya gano sirrin kogi (ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da tankaɗe). Ban taɓa taka bakin kogin ba, saboda hanyar ba lafiya, kuma ni ba jarumi ba ne.

Malamina ya ce ba zai sa hannu a kundin bincikena ba sai ya ga sandar da idonsa. Muka tafi da rana tsaka, da 'yan ajinmu huɗu da na gayyato da bakina don su shaida.

Baba Ɗanjuma ya tarbe mu da fara'a. Muka gangara gindin gada. Malam ya duba gabas, ya duba yamma.

"Baba, ina sandar?"

"Sanda? Ai ruwa ya tai da ita tun shekarar da aka haifi ɗiyata Talatu."

Talatun ce ta kawo mana ruwan sha ɗazu, da goyo a bayanta.

Na ce, "To Baba, lambobin fa?"

"Yo mi zan yi, ɗana? Na kai ƙara ofis har na gaji, ba wanda ya zo. Suka ce dai kar in bar gurbi a littafi. Sai in buɗe na tsohuwar shekara. In damina ta yi ƙarfi in ninka, in ta yi ƙaranci in raba biyu."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Malam ya rufe kundina a hankali ya miƙo mini, ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Ka gano Baba Ɗanjuma."

Ban gama digirin ba har yau. Raina yakan ɓaci in na tuna, ba don kaina kaɗai ba: ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar nan duk shekarun, babu mahalukin da ya san yawansa, kuma ba za a taɓa sani ba.

Yanzu ko ma'aunin hatsi aka ce in yarda da shi, sai na fara tambaya ko yana nan.