Kansila a Cikin Kwata

Akwai wani kansila a wajenmu, Honarabul Gwadabe, wanda tun da ya ci zaɓe ya daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗan ɗaga gira daga cikin mota. Da zaɓe ya sake ƙaratowa, amininsa Sabi'u ya ja shi gefe ya ce, "Mutumina, ana maganarka a gari. An ce girman kanka ya fi ƙarfin hularka. In ba ka sauko ka shiga cikin talakawa ba, ko a gidanku ba lallai ka ci akwati ba." Maganar nan ta tsaya wa Gwadabe a rai, don in kujerar ta kuɓuce, ba shi da wata sana'ar komawa.

Ranar Asabar 'yan unguwa suka fito aikin gayya, suna yashe babbar kwatar da ke tura musu ruwa cikin ɗakuna duk damina. Ana tsaka da aiki sai ga Honarabul cikin farar shadda, yana ƙamshin turare, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi shebur, ya toshe hanci, ya runtse ido, ya dira cikin kwatar. Wuri ya ɗauki tafi. Da ya ji yana nutsewa cikin baƙar laka, ya laluba da ƙafa har ya samu inda zai tsaya daram, ya gyara hula, ya washe baki. Daɗi ya kama shi, har ya fara hango kansa a kujerar ciyaman.

Dab da shi akwai wani dattijo, Baba Ilu mai facin keke, wanda tun sassafe yake cikin kwatar. Gwadabe ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ka gane ni kuwa?"

"Na gane ka, ranka ya daɗe," in ji tsohon, yana cije leɓe.

"To tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin shugaba mai ƙanƙan da kai irina? Dubi inda na sauko saboda ku."

"Saukowa kam ka sauko."

Gwadabe ya ga tsohon ya sunkuyar da kai, gumi na karyo masa, ya kasa ko motsi. A ransa ya ce, Allah sarki, kwarjinina ne ya cika wa bawan Allah ido. Ya ƙara rungumo shi, ya ce, "Haba Baba, saki jikinka a yi mana hoto. Yau ni da kai duk ɗaya ne. Don Allah kada ka ji nauyina."

Baba Ilu ya ɗago kai a hankali ya ce, "Yaya za a yi in ƙi jin nauyinka, ranka ya daɗe? Tun da ka sauko, a kan ƙafata kake tsaye."