Rasuwar Hular Kaka ta Bakin Ƙofar Kicin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Emrys Pugh na gidan ƙarshe a hanyar coci, ƙauyen Penrallt da ke Wales, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar shukar furen kolumbin da ke bakin ƙofar kicin ɗinsu, wadda kowa ya fi sani da Hular Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Mahaifiyarsa, marigayiya Nesta, ita ta shuka ta a shekarar da ya tafi karatu, ta kuma bar masa ita tare da gidan. Hular Kaka ba ta taɓa zame wa kowa nauyi ba. 'Yar inuwar katanga ta ishe ta, ruwan sama ya ishe ta. Furenta shuɗi ne, kullum kansa a sunkuye kamar na mai kunya. Ba a san ta da surutu ba, in ban da zuuu na ƙudan zuma da ke kai mata gaisuwa, da cakas-cakas ɗin kwanson irinta idan ya bushe iska ta taɓa shi.

Game da rashin lafiyarta, ga yadda aka yi. Emrys ya dawo daga hamadar Ostareliya, inda ya karanci ban ruwa, ɗauke da akwati biyu, da takardar shaida, da famfon feshi mai kunna kansa kowace yamma. Ya kafa shi a tsakiyar lambu, a garin da shanya ke kwana uku ba ta bushe ba.

Maƙwabciyarsa Anti Mair, aminiyar mahaifiyarsa, ta leƙo ta kan shinge ta ga famfo na feshi, sama na zuba.

"Emrys, ɗan nan, Allah ne ya gaza ka karɓi aikinsa?"

"Anti, wannan ilimi ne."

"To, sannu injiniya. Sai ka sayo wa Hular Kaka lema."

Ganyen ya riƙa kwana a jiƙe. Tabo ya fara daga na ƙasa, ɗigo-ɗigo, ruwan ƙasa mai baki jaja-jaja. Ɗigon ya haɗe, ganyen ya yi rawaya, ya zube. A nan ya kamata a yi wa Emrys adalci: ya gane funfuna ce, ya tsinke duk ganyen da ya kamu, ya rage ciyayin da suka matse ta don ta sha iska. Famfon ne dai bai kashe ba, don da tsada ya saye shi.

Sai kuma ya yi abin da kowane ɗan Penrallt ke yi ba tare da tunani ba. A garin nan ba a zubar da ko ɓawon dankali. Duk abin da ya mutu a lambu, tulin taki yake zuwa, ya ruɓe, ya dawo ya ciyar da na baya. Can ya zuba ganyen. Cutar ta yi hunturunta cikin ɗumi. Da sanyi ya wuce ya kwashi takin ya zuba wa maras lafiya a gindi da hannunsa. Tabon bana ya ninka na bara, ta rame, saiwarta ta ruɓe a cikin laka.

Bai tsaya nan ba. A Penrallt wanda ya kawo maka burodi mai zabibi ba a mayar masa da faranti haka nan. Anti Mair ta ciyar da shi burodi tun dawowarsa, shi kuma ya tura mata baro guda na takin nan, ya ma taya ta bazawa.

Marigayiyar ta bar 'ya'ya uku, dukansu a lambun Anti Mair, daga irin da Nesta ta ba ta a ƙullin hankici. Su kaɗai suka rage a zuriyar. Biyu daga ciki sun fara tabo.

Anti Mair ta zo ta'aziyya da burodinta kamar kullum. Ta daɗe tana kallon gurbin.

"Nawa ma sun fara ƙyanda," in ji ta. "Iska ce ta kawo, ko?"

Emrys ya so ya ce iska ce.

"Baro ne, Anti."

"Na sani, ɗan nan. Ci burodinka."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan gida. Ana baƙin cikin sanar da cewa ba za a kai marigayiyar tulin taki ba, inda iyaye da kakannin lambun nan suke kwance. Za a ƙone ta a cikin tsohon duro, ita da ganyenta da ya zube. Tulin kansa an killace shi, kada wanda ya ɗiba. Masu zuwa kada su kawo fure ko dashe. Duk wanda ya taɓa aron almakashin gidan nan, ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu kafin ya kai shi kusa da wata shuka. Za a sha shayi, Anti Mair ta ce burodi nata ne.

Famfon feshi ba zai halarta ba. Emrys ya naɗe shi, ya jefa ɗakin ajiya, ya ja ƙofa ya danna kwaɗo. Daga gobe, kowace safiya zai tsallaka shinge da buta da almakashi, ya shayar da marayun nan uku a gindi, ba a ka ba, har sai sun yi iri.